Yaya Sagir bai kashe kansa ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya Sagir, har yau 'yan kasuwarmu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin cewa suke yi tekun ya faɗa da gangan saboda bizarsa ta kusa ƙarewa. Ƙarya ne. Ina wurin. Wasa ya je yi, ruwa ya tafi da shi.

Na san abin da ya sa labarin ya zauna. A watannin da ake shirin gasar Olamfik a Sin an tsananta mana. Sabunta biza ya gagara, 'yan sanda na tare baƙar fata a bakin tasha, mutane na wuni a ɗaki. Kowa ya san wanda ya kusa zaucewa. To da aka ce an tsamo ɗan Kano mai sarin takalma daga teku, babu wanda ya tsaya tambaya.

Yaya ne ya kawo ni bayan na gama sakandare, in riƙa zaɓar masa takalman mata a kasuwar Zhanxi Lu. A can wani yaron shago ɗan Sin ya ja shi wani ƙauyen masunta a bakin teku, bayan birnin Shenzhen. Akwai wani shago guda, rufin kwano, inda ake hayar dogon allon da ake tsayuwa a kai igiyar ruwa ta ɗauko mutum zuwa gaɓa. Mai shagon tsohon masunci ne, Lawban muke ce masa, wato maigida. Ran da babu iska sai ya girgiza hannu ya ce meyo, babu, ya zuba mana shayi.

Yaya ya kamu. Duk ƙarshen mako muna mota. Ina zaune a inuwa da hijabina ina masifa, shi yana faɗuwa yana tashi, gemu sharkaf. Ya ce mini a cikin ruwa ne kawai ba a tambayarsa fasfo. Har wani Alhaji ɗan Maradi ya taɓa tsokanarsa bayan Juma'a a masallacin Huaisheng, wai ko kifi zai koma sari. Ya yi dariya, amma daga nan ya daina faɗa wa kowa inda muke zuwa.

Allon yana da maɗauri da ake ɗaurawa a idon sawu, don in an faɗi kada ya gudu ya bar mutum. Lawban ya yi magana har ya gaji. Yaya ba ya sawa.

"Ni akuya ce da za a ɗaure ni a turke?" in ji shi. "Tun ina firamare nake tsallake kududdufin unguwarmu."

Ruwan kududdufi a tsaye yake. In ka gaji ka miƙe zuwa baki. Teku tana da wurin da take ja ciki, kuma wanda ya miƙe zuwa gaɓa a wurin, ƙarfinsa kawai yake ƙararwa, sai dai ya ratsa gefe. An gaya masa. Ran da abin ya faru, igiya ta fizge allon, na gan shi yana iyo kai tsaye zuwa gare ni, irin na yaran Kano, yana kuma ƙara nisa. Lawban ya shiga da gudu. Allon ya riga su isowa.

Wasu sun ƙi zuwa jana'iza. Na yi bayani, aka ce yarinya ce tana rufa wa yayanta asiri. Wannan bai dame ni ba kamar Umma, mahaifiyarmu. Labarinsu ya riga nawa isa Kano. Duk lokacin da na kira ta na sake faɗa mata, sai ta ce, "To me zai kai magidanci cikin teku, Hafsatu?" Ba ta taɓa ganin teku ba. Tana yi masa addu'a kamar mai roƙon abin da ta san ba za a ba ta ba. Yanzu ga hawan jini, ga ido ya fara tafiya.

Da Yaya zai ga bakin tekun yau, ban san ko zai gane shi ba. Samarin birni sun cika shi, da tabarau da kyamara, sabbin shaguna masu gilashi, kowa da maɗauri a ƙafa. Ina jin zai ce an maida abin ado. Abokansa kuwa rabi sun koma gida, sauran in an ambace shi sai su sunkuyar da kai. Abin da ya rage nasa ke nan: suna da ake faɗa a hankali. Mutumin da na sani mai dariya da ruwa a hanci, ni da tsoho ɗaya muka san shi.

Makon jiya Lawban ya sa aka kira ni. Za a rushe shagon a gina otal, shi kuma zai koma wurin 'yarsa. Ya ce allon Yaya na nan, bai sake ba wa kowa haya ba.

Ba na sa ran 'yan kasuwa za su canza magana. Na daina binsu. Asabar zan je in ɗauko allon, in sa shi a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu cikin kwalayen takalma, in riga shi isa Kano. Zan kwantar da shi a tsakar gida, in kama hannun Umma in ɗora a inda Yaya yake sa ƙafa. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ban sani ba.