Saje Tahidu da Yaƙin da Babu Abokin Gaba

Duk wanda ya zauna a unguwar Tishigu ta garin Tamale a shekarun da ƙasa ta samu 'yancin kai ya san Saje Tahidu, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yakan ɗan yi ɗingishi in damina ta yi nisa. Ubansa baduku ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma Tahidu ba ya iya zama wuri ɗaya. Da aka zo ɗibar soja lokacin babban yaƙin Turawa, sai ya ajiye basilla ya hau mota. Aka kai su har ƙasar Bama, cikin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa. A can ya koyi abin da ya riƙe a matsayin aikin soja gaba ɗayansa: kada a gan ka, in ka ga mutum ka riga shi harbi.

Da ya dawo aka ba shi igiya uku, aka sa shi horar da kurata a barikin Tamale. Yara ne daga ƙauyuka, Dagomba da Farafara da Busanga da Dagati, kowa da bakinsa, Hausar bariki ce kaɗai ta haɗa su. Da ita yake koya musu fareti, da kwance bindiga da ɗaura ta, da jan ciki a cikin ciyawa, da sukar buhun ƙaiƙayi da banati, wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Yana son aikin, domin komai a fili yake. Akwai mu, akwai su, kuma buhun nan shi ne su.

Ranar da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga mai baƙin tauraro, Tahidu ya gane wannan sarai, har ya yanka zakara biyu a gida. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne matsawar da aka yi cewa duk horo da Turanci za a yi shi. Ya tambayi samanja, "To, ba Turawan ne za su tafi ba?" Samanja ya ce su ne. "Amma bakinsu zai zauna?" Samanja ya ce umarni ne. Tahidu ya sara ya fita. Kirarin fareti irin su lef da rai ya daɗe da haddace su, amma bayani da Turanci ya fi ƙarfinsa. Sai ya riƙa yin ihu da Turanci don hafsoshi su ji, sannan ya sassauta murya ya faɗa wa yaran da Hausa abin da ake nufi. A haka aka ci gaba, kowa ya yi kamar bai lura ba.

Ana nan sai aka turo musu sabon hafsa, Laftana Masahudu, wanda ya dawo daga makarantar hafsoshi a Ingila. Ɗan unguwar Kanvili ne, ɗan wata mai koko da ake kira Mma Hawawu, kuma Tahidu ya san shi tun yana yawo ba wando. A gaban mutane Tahidu yana sara masa yana cewa "Sa", in sun keɓe shi kuma Masahudu ya ce masa "Baba Saje". Wata safiya a shekarar 1960 Masahudu ya kira shi ƙarƙashin wata kaɗanya a gefen fili, ya ce za a kai yaran ƙasar Kwango, don haka horo zai canja.

Tahidu ya ji daɗi. Ya ce, "Madalla. Da wa za mu yi?"

"Ba da kowa ba, Baba Saje."

"A'a, ina nufin su wa ne abokan gaba?"

"Babu abokan gaba. Mutanen ƙasar ne ke rigima a tsakaninsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ce a je a shiga tsakani."

"Da bindiga?"

"Da bindiga."

"Da harsashi a ciki?"

"Da harsashi. Amma ba za a harba ba, sai in an riga an harbe ka."

Tahidu ya dubi takalminsa. Ya ce, "Wanda aka riga aka harba, shi ne zai harba?"

Masahudu ya yi murmushi, ya ce ba haka ake nufi ba, ya kuma shiga bayani mai tsawo. Ya ce soja zai tsaya a fili inda kowa zai gan shi, da shuɗin kwalkwali a kansa don a hango shi daga nesa. Za a zage shi, za a jefe shi, ba zai motsa ba. Tahidu yana cewa "Na'am, na'am", amma a ransa yana lissafin shekarun da ya yi yana dukan yara da sanda don sun ɗaga kai a cikin ciyawa.

Da ya koma gida da la'asar, matarsa Barikisu tana tuƙa tuwo, ya zauna kan turmi ya ba ta labari. Ta ce, "To ai wannan aikin ɗan sanda ne, Maigida." Ya ce ba ɗan sanda ba ne. Ta ce, "To rabon faɗa ne." Ya ce mai rabon faɗa ba ya zuwa da bindiga. Ta ce to shi ya sani, ta miƙa masa ruwan wanke hannu.

Aka fara sabon horo. Masahudu ya raba yaran gida biyu. Rabi suka cire kaki suka sa rigunansu na gida, aka ce su ne mutanen gari masu fushi, aka tara musu ɗanyen mangwaro da curin laka. Sauran suka yi sahu da bindigogi a ƙirji, Tahidu yana bayansu. Da aka busa usur, masu rigunan gida suka taso da ihu. Da farko wasa suka ɗauke shi, suna dariya, amma da jifa ya fara samun mutane sai dariyar ta ɗauke. Wani ya haɗa da dutse a cikin lakar. Dutsen ya samu wani dogon yaro mai suna Imoru a baki, jini ya zubo masa a gaban riga. Na kusa da shi, Gariba, wanda duk cikin kuratan babu mai saitinsa, ya riga ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya ɗaga bindiga, kamar yadda Tahidu ya koya masa.

Imoru ya waiwayo, ya ce, "Saje, yanzu fa?"

Tahidu ya buɗe baki. Umarnin da ya zo masa shi ne a kwanta a buɗe wuta, ya haɗiye shi. Ya nemi wani a Turanci bai samu ba, ya nema a Hausa bai samu ba. Ya tsaya baki buɗe, laka tana sauka a kafaɗarsa, yaran suna jira. Da suka ji bai ce komai ba, su ma ba su yi komai ba. Gariba ya miƙe a hankali ya koma sahu. Masu jifa suka jefa abin da ya rage a hannunsu, suka gaji, suka tsaya cirko-cirko.

Masahudu ya busa usur ya taho da sauri. Tahidu ya ƙame, yana jiran faɗa a gaban yaransa. Sai ya ji Laftana yana cewa da ƙarfi, "Kun gani? Haka ake so! Ku dubi Saje, ko gezau bai yi ba." Har Baturen kwamanda da ke kallo daga mota ya aiko a yaba masa. Tahidu ya sara. Tun da ya shiga soja ba a taɓa yabonsa a fili haka ba, kuma bai san abin da ya yi ba.

Da lokacin tafiya ya zo ba a sa sunansa ba, likita ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofar bariki motoci suna fita. Bayan sun tafi matan yaran da iyayensu suka mai da gidansa wurin zuwa. Kowacce tambayarta ɗaya, "Baba Saje, yaƙi ne ko ba yaƙi ba ne?" Yakan ce su yi addu'a. In suka matsa, ya ce an ce ba yaƙi ba ne.

Bayan watanni masu yawa suka dawo, amma ba duka ba. Gariba yana cikin waɗanda aka binne a can. Tahidu ya je ya samu Imoru, ya tambaye shi yadda aka yi. Imoru ya ce sojojin ƙasar ne suka kewaye su a wani gari na bakin kogi, Gariba ya tsaya a fili bindigarsa tana kallon ƙasa, kamar yadda aka koya musu, aka harbe shi a tsaye. Tahidu ya kasa cin abinci ranar. Bayan kwana kaɗan wani kofur da shi ma yana wurin ya rantse masa cewa ba haka aka yi ba. Ya ce Gariba ne ya durƙusa ya fara harbi, shi ya jawo aka buɗe musu wuta. Tahidu ya koma wurin Imoru, Imoru ya ce kofur yana bayan mota, bai ga komai ba. Ya koma wurin kofur, kofur ya ce Imoru ya kwanta ya rufe kai tun harbin farko. Duk biyun yaransa ne, kuma bai san ɗayansu da ƙarya ba.

Ya je gaisuwa wurin mahaifiyar Gariba a Sagnarigu, kusa da Tamale. Tsohuwar ta riƙe hannunsa ta ce ɗanta kullum yana cewa duk abin da ya iya Saje ne ya koya masa. Tahidu ya ce Allah ya jiƙansa, ya tashi da wuri.

Cikin shekarar nan aka sallami hafsoshin Turawa. Sai ga labari cewa waɗansu Turawan daban, daga Kanada, su ne za su riƙa koyarwa a kudu, an kuma aika waɗansu samari Rasha. Kowane ƙaramin hafsa ya dawo da irin nasa tsarin. Wannan ya ce a tafi a warwatse, wancan ya ce a tafi a dunƙule. Aka kawo sabuwar bindiga wadda ba sai an ja kunnenta bayan kowane harbi ba, hannun Tahidu kuwa ya ƙi daina neman kunnen. Wata rana a gaban kurata ya yi ta lalube a gefen bindigar, su kuma suna kwaikwayonsa da gaske, suna zaton sabon darasi ne. A makon nan ya nemi a sallame shi.

Ya samu gona a bayan Sagnarigu, ya shiga noman doya da masara. Wata rana da kaka Masahudu, wanda ya zama kyaftin, ya zo gaishe shi a gonar. Tahidu ya gasa masa doya, suka zauna a kan kunya. Bayan sun gaisa sun taɓa hirar gida, Tahidu ya ce, "Kai kana can. Gariba ya harba ko bai harba ba?"

Masahudu ya daɗe yana ɓare doyarsa. Ya ce yana wani gari ranar, shi ma labarai biyun nan ya ji.

"To da kana wurin, me za ka ce ya yi?"

"Wallahi, Baba Saje, a makaranta na san amsar. A can kuwa wani lokaci da safe a ce mu tsaya, da rana a ce mu janye, mu da muke ba da umarnin ma tambayar juna muke yi."

Tahidu ya gyaɗa kai, ya ƙara masa doya da ɗan barkono. Suka koma maganar ruwan bana da bai kai ba.

Tahidu ya rayu har ya ga jikoki. In samarin unguwa suka zo neman shawara za su shiga soja, ba ya hana su, ba ya kuma zuga su. Yakan ce su kula da ƙafafunsu, su riƙa shanya safa, kada su yi gardama da kofur. In suka tambaye shi sauran, ya ce a can za a faɗa musu.