Akuyar Aji Biyar

Shekararsa hamsin da takwas, kuma har watan jiya shi ne malamin aji biyar a firamaren gwamnati da ke bayan tashar mota. Yanzu makullin sito ne a hannunsa. Daga hedimasta har mai gadi, kowa Malam Ɗaga-Hannu yake ce masa, domin bai taɓa yanke magana a aji ba sai ya ce wa yara, "To, masu goyon baya su ɗaga hannu."

Dogo ne siriri, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. A keke yake zuwa aiki. Da yana da babur, sai matarsa ta kawo shawarar a sayar a sayi firji, shi kuma ya ce a yi zaɓe. Ita da 'ya'yansu mata suka ɗaga hannu tare. Ta ce tun da suka yi aure bai taɓa cin zaɓe a gidan ba, kuma duk zaɓukan shi ke kiransu.

Mahaifinsa mai gyaran fitila ne. Yana yaro aka kore shi daga makaranta saboda ba shi da yunifom, sai ya riƙa tsugunawa a ƙarƙashin tagar ajinsu yana sauraro. A nan ya koyi karatu. Ya ce har yau idan ya ji ana karanta baƙaƙe da ƙarfi, gwiwoyinsa ke fara ciwo.

Shi ya sa a farkon kowace shekara yake kawo wa sabon ajinsa doka ɗaya su kaɗa mata ƙuri'a: duk wanda ya shigo ya zauna ya yi shiru ɗan aji ne, kuma ba a fitar da ɗan aji sai aji ya yarda. Ba a taɓa kayar da dokar ba. Yara ne da kansu suka ƙara mata cewa sabon shiga shi ke goge allo.

Da wannan doka ce yaron bakanike ya samu benci, da baƙin mai a rigarsa. Da ita wata yarinya mai tallan ruwan sanyi take ajiye bokitinta a bakin ƙofa ta shigo. Da ita Baba mai shara, tsohuwar da ke share harabar makarantar, ta zauna a layin baya don tana so ta riƙa karanta abin da ke jikin kwalbar maganinta. Babu ɗayansu da makaranta ta san da zamansa, kuma hedimasta ya daɗe yana kau da kai.

Ajin ba shi da ƙyaure. Ya ɓalle tun bara. Wata rana ana ruwan sama, akuyar mai gadi ta shigo, ta wuce layin baya, ta kwanta a gindin bencin Baba mai shara. Malam ya ɗauko tsintsiya. Sai monita, wata gajeriyar yarinya mai kaifin baki, ta miƙe.

"Malam, ai ta zauna."

"Na gani."

"Kuma ta yi shiru. Ta ma fi wasu."

Malam ya ajiye tsintsiya ya kira zaɓe. Masu son a fitar da ita, shi ne da wani yaro da ta riga ta ci masa gefen littafi. Sauran duka suka ce ta zauna. Aka yafe mata goge allo, aka sa mata suna Yaya, tunda ta haihu har sau biyu kuma babu wanda ya kai ta sanin duniya a cikinsu, in ban da Baba. An taɓa yin gardama mai zafi ranar da ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan benci ana tsakiyar zaɓe, wasu na cewa ƙuri'a biyu ke nan. Aka tsaya a kan cewa miƙa take yi.

Haka aka tafi har labari ya zo cewa sufeton makarantu yana tafe. Hedimasta ya kira Malam ofis.

"Malam, akuyar nan."

"Ranka ya daɗe, ni ma ba sonta nake yi ba. Wari gare ta."

"To ka kore ta mana!"

"Ai na faɗi zaɓe."

"Zaɓen me? Kai ne malami ko ita?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma in na fitar da ita yau don ka ce, gobe wani zai ce in fitar da yaron bakanike, kuma ba ni da bakin hanawa. Dokar da ta riƙe shi ita ta riƙe ta."

Hedimasta ya dafe kai. Ya ce masa a fili, idan sufeto ya tarar da dabba a aji, to Malam ya yi sallama da alli, sito zai koma ya riƙa gadin karyayyun kujeru har ya yi ritaya.

Malam bai zauna ba. Ya shiga kamfe. Kullum bayan darasin lissafi sai ya tsaya ya jera wa yara laifuffukan Yaya: tana cin takarda, tana zubar da abin da ba a faɗa, ba ta taɓa amsa tambaya ba. Yara suka ce ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa dukan kowa ba, kuma ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ya sake kiran zaɓe, ya sake faɗuwa. Wannan karon har yaron da aka ci wa littafi ya sauya sheƙa.

A gida matarsa ta ce, "Malam, ka faɗa musu aikinka ne ke cikin haɗari mana. Ai yaran nan suna sonka."

Ya ce, "In na faɗa musu, tausayina za su zaɓa, ba abin da suke gani daidai ba."

"Allah ya shirye ka," in ji ta. "Masu son Babanku ya ci abinci ya yi shiru?" 'Yan matan suka ɗaga hannu.

Ranar zuwan sufeto, mai gadi ya ɗaure akuyarsa a bayan banɗaki da umarnin hedimasta. Sufeton ya iso, mutum mai ƙiba da jakar hannu, ya shiga aji biyar, ya zauna a bencin baya yana sauraron darasi. Ana cikin haka Yaya ta shigo da guntun igiya a wuya, ta makara karo na farko, ta kwanta a kan takalminsa.

Sufeto ya zabura. "Mene ne wannan? A fitar da ita!"

Monita ta miƙe. "Malam, baƙon nan ya zauna, kuma ɗazu ya yi shiru."

Malam ya gyara tabarau. "Yallaɓai, bisa dokarmu ka zama ɗan aji. Kana da ikon kawo shawara."

Waɗanda suka ga abin sun ce sufeton ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga yara sun zuba masa ido suna jiran hujja, sai ya shiga kawo hujja. Ya yi magana a kan tsafta da ƙa'ida da mutuncin ilimi, har yana bubbuga benci. Baba mai shara ta ce masa, "Ɗana, ni ke kwashe abin da take zubarwa, ban kuma yi ƙara ba." Aka kaɗa ƙuri'a. Sufeto ya ɗaga hannu, Malam ya ɗaga. Hedimasta ma ya ɗaga daga bakin ƙofa, amma monita ta ce ba a ƙirga na tsaye. Sufeto ya nemi a sake ƙirgawa, aka sake, bai ƙaru ba. Ya ɗauki jaka zai fita, Baba ta ce ba a fita sai an buga ƙararrawa. Ya koma ya zauna. Da aka miƙo masa tsumman goge allo ne ya ce wannan kam ba zai yi ba.

Mako bai zagayo ba aka ba Malam makullin sito. Aka sa wa aji biyar sabon ƙyaure da sabon malami, aka sallami duk wanda makaranta ba ta san da shi ba.

Sito ɗaki ne mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, cike da karyayyun bencina, da kwalayen alli, da wani tsohon allo da aka jingina a bango. Malam ya share ƙura, ya bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Yaya ce ta fara zuwa. Ya ce ya dube ta ya yi tsaki, amma ta riga ta kwanta. Bayanta Baba mai shara ta zo da kwalbarta, sai yaron bakanike, sai mai ruwan sanyi. Da an fita tara, rabin aji biyar a can suke ƙarewa.

Jiya hedimasta ya tako har ƙarshen barandar don ya ce a rufe ƙofar nan. Rana ta take, ga shi da nauyin jiki. Ya iso yana haki, ya samu wani benci mai ƙafa uku ya zauna, ya kasa cewa komai sai da numfashinsa ya dawo. Monita ta dubi Malam.

Malam ya ba shi dama ya kawo shawararsa, ya kawo. Masu son a rufe ƙofa, hedimasta kaɗai. Masu son a bar ta a buɗe, kowa, har da Malam, wanda ya riƙe hannunsa a sama ya daɗe bai sauke ba, yana waige-waige, don bai saba ganin hannaye da yawa a ɓangarensa ba.

Daga nan ya kakkaɓe tsumman goge allo, ya miƙa wa hedimasta da hannu biyu.