Jar Motar da Renata ta Bari

Lorraine Pawlak ta yi rayuwarta a garin Wyandotte, kudu da birnin Detroit na Amurka, tana dafa wa 'yan makaranta abinci har gwiwoyinta suka gaza. Mijinta Chester ma'aikacin kamfanin ƙera motoci ne. A shekarar 1966 ya sayi mota ƙirar Mustang, ja, mai dogon hanci da gajeren baya, ga hoton doki a goshinta. Abin da ya ja mutane gare ta ke nan: kyau irin na motar masu hali, farashi daidai aljihun ma'aikaci.

Da Chester ya rasu, 'yarsu Renata ta gaje ta. Duk watan Agusta takan shiga jerin gwanon tsofaffin motoci da ita a titin Woodward, uwar na gefenta. Lorraine ba ta taɓa tuƙa ta ba, don mai giyar hannu ce.

Ciwon daji ya ɗauke Renata a farkon hunturu, lokacin da ake rufe irin waɗannan motoci a gareji saboda gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara. Tun daga nan, duk Lahadi bayan coci, Lorraine takan buɗe garejin, ta zauna a gefen mai zaman banza, ta miƙa ƙafa ta taɓa totur, ta murza makulli. Sai ta saurari injin na ɗan lokaci, ta kashe.

Bayan hunturu na biyu yayanta Casimir ya zo. Ya durƙusa da ƙyar a bayan motar, ya danna salansa, yatsansa ya burma.

"Ƙanwata, wa ke tayar da motar nan?"

"Ni ce. Don kada ta mutu."

"Ai kuwa kashe ta kike yi. Inji bai yi zafi ba kin kashe, ruwa ya kwanta a ciki yana cin ƙarfe. Da sanyi a bar ta ta yi barcinta, da bazara a hau titi da ita. Ki sayar wa mai tuƙawa."

"Ba ta sayarwa ba ce, Yaya."

"To, ki tuƙa."

"Kai ka tuƙa mana."

"Da wane idon? Jiya sandar fitila na tsaya ina gaisarwa."

Da aka sa sabon salansa, Lorraine ta zagaya ta shiga wajen direba, Casimir ya zauna a gefe. Ta miƙa ƙafa, ba ta kai kuloci ba. Renata doguwa ce, kujerar kuma tana nan inda ta bar ta.

Lorraine ta ɗora hannuwanta a cinya. Casimir ya dubi ƙafar, ya dubi fuskarta, ya kawar da kai.

"In ɗauko miki matashi ki sa a baya?"

"A'a. Sai in riƙa tuƙi kamar wadda ta aro mota."

Ta lalubo ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar, ta riƙe shi jim kaɗan, sannan ta ja. Kujerar ta matso gaba.

Ta tayar, ta saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu.

"A hankali, ke. Ba ƙullin burodi kike murzawa ba."

"Yi mini shiru, tsoho."

Ta sake murza makulli. Wannan karon motar ta gangara ta fita daga garejin, tana rawa, har ta hau titi.