Azariya da Batirin Motar Zumunta

Duk wanda ya taɓa tura mota a Kafanchan ya san Azariya mai gyaran wutar mota. Rumfarsa tana kan hanyar Kagoro, kwano huɗu da benci ɗaya, bencin ma na baƙi ne, don shi ba a taɓa ganin ya ɗora jikinsa a kai ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake gardama, a coci kuwa da wa'azi ya yi tsawo sai ka ga ƙafarsa tana rawa. Matarsa Hulda takan ce shekara talatin da ɗaya da aurensu, har yau ba ta san kamanninsa a zaune ba.

Ɗan leburan reluwe ne. A hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya koyi aikin waya, ya kuma gaji dokarsa: ranar da mota ta dawo maka sau uku da ciwo ɗaya, hannunka ya mutu, ka rufe rumfa ka koma gona. Azariya bai iya riƙe magana a ciki ba, ya yi ta shelar dokar nan a gaban direbobi har kowa ya haddace. Shekara arba'in bakinsa bai ja masa ba.

Sai ga bas ɗin Zumuntar Mata ta cocinsu, an turo ta batir ya mutu murus. Ya kwance altaneta, wato injin da ke yi wa batir caji, ya tarar burushinta ya cinye, ya sake sabo. Bayan sati ɗaya ta dawo. Ya ƙara ɗaure fambel, bel ɗin da ke juya altaneta, ya goge kawunan batir har suna ƙyalli, ya canza wayar da ke kama jikin mota. Sati na zagayowa, ga ta nan kuma a ƙofar rumfa.

Wannan karon ba inda bai leƙa ba. Ya ɗora mita mota na aiki, ta nuna sha huɗu, caji lafiya lau. Ya kashe mota, ya cire kan batir ɗaya, ya sa ƙwan gwaji a tsakani ko wani abu na shan wuta a ɓoye, ƙwai ko ƙiftawa bai yi ba. Ya gwada batirin kansa, da sauran ƙarfinsa.

Kumai, direban bas ɗin, ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, saura ɗaya fa."

Da wasa ya faɗa, amma Azariya bai ji wasa ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya fara kallon hannuwansa kamar na aro. Ya je ya zagaya 'yar gonar cittar da ya gada, ya dawo yana tsaki. Hulda ta ajiye masa tuwon acca, ya yi loma biyu ya fita, ya dawo, ya sake fita.

"Baban Tamar, ka kwantar da hankali," in ji ta. "Za mu sa ka a addu'a."

Yana cikin wannan safa da marwa ne abin ya faɗo masa: duk zuwan motar nan ranar Alhamis ne. Laraba da la'asar ya rufe rumfa ya nufi coci, inda ake ajiye ta. Ya buɗe wurin batir. Kawunan da ya goge da hannunsa sumul, ga su da sawun haƙoran ƙarfe, sababbi fil. Ya rufe, ya koma bayan bishiyar mangwaro yana kai da komo.

Ƙarfe huɗu mata suka fara taruwa don koyon waƙa. Babu wutar Nepa, kamar kullum. Can sai ga Hulda ta fito daga coci tana jan doguwar waya mai maƙalai biyu. Ta buɗe wurin batir ba ko inda-inda, ta maƙala ja a kan batir mai alamar ƙari, baƙi a ɗayan, daidai yadda ta sha ganin mijinta yana yi. Lasifika biyu suka yi ƙara a cikin coci.

"Maman Tamar! Tun yaushe?"

Ta juyo a firgice. "Tun da janareto ya lalace. Litinin da Laraba kawai, awa uku uku. Ai motar tana tsaye ne, ba ta aikin komai."

Ya buɗe baki zai zazzaga mata faɗan sati uku, sai muryar shugabar Zumunta ta cika harabar ta lasifika: "Ya Ubangiji, muna kawo bawanka Azariya a gabanka, kamar yadda 'yar'uwarmu Hulda ta roƙa. Ka buɗe idonsa ya gane ciwon motar nan, kada ya rufe rumfarsa."

Hulda ta dubi wayar, ta dubi mijinta, ta dafe baki da hannu biyu. Azariya ya miƙa hannu zai cire maƙalin, sai ya fasa. Ya zauna daɓas a ƙofar motar, idonsa ya kawo ruwa.

"Bar shi," ya ce. "Bari su kai Amin."