Dokin Ƙofar Edna

Edna Duckworth tun tana yarinya take aiki a masaƙar auduga, har ƙarar injuna ta cinye mata kunne ɗaya. Mijinta Wilfred ya rasu, 'ya'ya sun watse, amma tana da dokin ƙofarta. A layinsu na Lancashire, can Ingila, da dokin ƙofa ake auna mace. Kowace safiya takan durƙusa ta wanke shi, ta goge da wani farin dutse da mai karɓar tsummoki ke bayarwa a madadin kuɗi, har ya yi fari fat. Kafin yamma tokar hayaƙi ta rufe shi. Gari na wayewa ta sake, ko a jikinta.

Da aka ce za a rushe layin a kwashe su zuwa dogon bene, sai ga Mista Pilling, wani dattijo mai zane, ya kafa kujera a bakin titi. Da fentin ruwa ya zo, abin da ba kasafai yake taɓawa ba, don yayyafin garin ba ya barin takarda ta bushe. Edna ta riƙa kai masa shayi, tana fakewa da haka tana leƙe. Layin yana fitowa a takardar a hankali kamar ana tuno shi: bututun masaƙa, mata da ɗankwali, wani kare, duk suna iyo cikin hazo. Can ƙarshe akwai wani mai hula da ta rantse tafiyarsa ta Wilfred ce. Abu ɗaya take so, idan gidan ya tafi a san an taɓa yin mace a cikinsa.

Da ya gama, ya ba ta zanen kyauta. Ta shiga ɗaki ta duba, sai ranta ya ɓaci. Ko'ina ya sha fenti, dokin ƙofarta kuwa takarda ce tsura. Ta ɗauko dutsenta ta jiƙa, ta shiga gogewa yadda ta saba. Takarda ba dutse ba ce, nan take ta huje.

Washegari ta tare shi da zanen a hannu.

"Mista Pilling, fentin ne ya ƙare ko idon? Har karen maƙwabciyata Doris ka shafa wa, ni ka tsallake ni. Na ce bari in ƙarasa maka, ga abin da ya faru."

Ya daɗe yana kallon hujin.

"Haba, Misis Duckworth! A fentin ruwa ai ba a shafa fari, takardar ake bari. Duk layin nan ƙofarki kaɗai na ƙi taɓawa, don ba ni da launin da ya kai ta haske."

"Me ka ce?" Ta juyo masa da kunnen mai ji.

Ya maimaita. Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ta. Garin neman gira ta rasa ido.

"To ka sake wani mana, bawan Allah."

Ya nuna mata ƙasan layi da haɓa. An riga an fara rusau, rabin gidajen sun zama tulin bulo.

A sabon benen babu mai dokin ƙofa, dogon baranda ne na kowa da kowa. Edna ta jingina zanen a jikin taga. Duk safiyar da rana ta ga damar fitowa, haske kan ratso ta hujin, ƙofarta ta haska layin gaba ɗaya, ta zauna tana kallo har shayinta ya huce. Ranar da babu rana kuwa, kuma ita ta fi yawa, huji ne kawai, kuma ta san wadda ta yi shi.