Kalma ɗaya ta kusa kashe mana Tabarya

'Yan uwa, kun ji ni shiru kwana biyu. Jinya muka yi a gida, kunya ce ta hana ni faɗa, don majinyacin kare ne. Mai dariya ya yi abarsa, ni ma da can da na yi.

'Yata Murna ce ta nace sai da muka kawo ɗan kwikwiyo gidanmu a Silver Spring, nan Amurka, irin masu dogon jiki da gajerun ƙafafu, wanda ake kira dakshund. Ina ganinsa na raɗa masa Tabarya.

Da susa abin ya fara. Ya yi ta lasar tafin ƙafa, kunnuwa suka yi ja suna wari, sai gudawa.

Matata Saratu ta kai shi wurin likitan dabbobi kafin ta wuce aiki. Tana cikin jirgin ƙasa na Metro ta turo min saƙo: "Likita ta ce kaza. A canja masa abinci."

Wanda ya san Saratu ya san in bayani ya ishe ta, "kaza da kaza" take cewa ta wuce. Haka na karanta shi: likita ta yi surutunta, a dai canja abinci. Ban tambaya ba.

Na je kanti na zaɓo mafi tsada, na juye a bokitin abincinsa, na yar da buhun. Akwai hoton kaza ƙatuwa a jikinsa. Da na ga yana ramewa, tausayi ya sa na riƙa zuba masa romon kaza a kai. A garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Sai amai ya shigo. Wata safiya ya kasa tashi, ko ruwa ya ƙi.

A asibiti aka ɗebi jini, aka gwada kashi, aka aske masa ƙafa aka sa ƙarin ruwa. Ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa. Kuɗin ya girgiza ni, amma tsoro ya fi shi.

Likitar ta ce, "Me kuke ba shi?"

Na faɗa, har da alfahari.

Saratu ta juyo. "Baban Murna, ban ce maka kaza ba?"

"Kin ce kaza."

"Kaza! Mai fuka-fuki!"

Ashe jikinsa ne ba ya karɓar kaza. Murna da ke gefe ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni. Da aka sallame shi ta ɗauke kwanonsa ta kai ɗakinta, ta ce da Turanci ita kaɗai za ta riƙa ba shi. Wannan ya fi min komai ciwo, kuma ban ga laifinta ba.

Aka sa shi a kan abincin kifi da dankalin Hausa. Sannu a hankali gudawa ta tsaya, kunne ya bushe, gashi ya dawo. Yanzu ga shi nan yana jan takalmina.

Mun gode wa Allah. Na gode wa likitar da ba ta wulaƙanta ni ba, da Saratu da ta yafe, ko da yake har gobe tana min gori.

Masu irin wannan kwikwiyo, in jikinsa ba ya karɓar kaza, ku juya buhu ku karanta bayansa. Wani an rubuta rago a gaba, a baya akwai garin kaza ko romonta. Ku nemi na 'yan kwikwiyo, mai ƙananan ƙwayoyi. Ku tambayi likita yadda za a canja. Kada ku bar shi ya yi ƙiba, bayansa ba zai ɗauka ba. Abin da ba ku gane ba, ku ɗaga waya ku tambaya.

Jiya da yamma Murna, wadda sai an yi da gaske take amsa mu da Hausa, ta fito da kwanon ta miƙo min.

Ta ce, "Baba, kai ka ba shi."