Sai Mun Zauna

Tabon da aka gani a huhuna bai kai ƙwayar gyaɗa ba, amma likitoci huɗu suka taru a kai. Duk wanda na tambaya ko in yaye 'yata mai wata bakwai, sai ya ce, "Sai mun zauna, baiwar Allah."

Ranar Laraba suka zauna, ni ina kan benci a waje. Babbarsu ta fito ta ce ciwon daji ne, amma an gano shi da wuri, za a yi aiki. Na sake tambaya, ta ce wannan sai zama na gaba.

A keke har Umarari yarinyar tana shan nono. Ban hana ta ba, ban kuma san ko cutar da ita nake yi ba.